Yaushe Bakano Yake Zama Ɗan Afirka?

Ka tare ɗan kasuwa a Kantin Kwari ka tambaye shi shi wane ne. Zai faɗa maka unguwarsu, in ka matsa ya ƙara maka da gidansu da sunan kakansa. Zai ce shi Bahaushe ne ko Bafillace, Musulmi ne, ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala. Ko yini za ka yi kana tambaya, da wuya ka ji ya ce shi ɗan Afirka ne. Ba ƙin sunan yake yi ba. A cikin Kano sunan ba shi da aikin yi, domin duk inda mutum ya waiga irinsa yake gani.

Ranar da sunan ke samun aiki ita ce ranar da Alhaji ya sauka a filin jirgin wata ƙasa, aka ware shi layi daban. Jami'in da ke juya fasfonsa bai san Yakasai ba balle Fagge, kuma bai ga bambancin Bahaushe da Ibo da mutumin Kongo ba. A watan Afrilun 2020, da korona ta tsananta, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke sayo kaya. Babu wanda aka tambaya ƙabilarsa kafin a watso masa jaka waje. A 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukiren, ɗalibai baƙar fata sun ba da labarin yadda aka riƙa mayar da su baya wajen shiga jirgin ƙasa. A Saudiyya kuwa sunanmu ɗaya, Takari, ko ka zo jiya da biza ko an haifi kakanka a Makka.

Wannan shi ya bayyana dalilin da ya sa aƙidar haɗin kan baƙar fata ba a cikin Afirka aka haife ta ba. Tsakanin ƙarni na 16 da na 19 an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa aka ƙetare Tekun Atilantika da su, kimanin miliyan 10 da dubu 700 suka sauka da rai. Birazil kaɗai ta ɗauki kusan miliyan 5. Waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su kai rabin miliyan ba, duk da cewa muryar jikokinsu ce ta fi cika mana kunne a yau. Kafin jika ya haifi tattaɓa-kunne harshe ya ɓace, sunan gari ya ɓace, kirarin dangi ya ɓace. Abin da ya rage shi ne launin fata da sunan nahiya. Wanda aka raba da sunan garinsu, dole ya rungumi sunan nahiyar gaba ɗaya.

Saboda haka wani lauya ɗan Tirinidad, Henry Sylvester Williams, shi ya kira taron farko a Landan a 1900. Cikin jagororin aƙidar, Marcus Garvey ɗan Jamaika ne, W.E.B. Du Bois Ba'amurke ne. Sai a taron Mancesta na 1945 ne 'ya'yan nahiyar kamar Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suka karɓi ragama, suka mayar da maganar ta neman mulkin kai. Ranar 25 ga Mayu, 1963, ƙasashe 32 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin waɗanda suka sa hannu. Nkrumah gwamnati ɗaya yake so nan take, Najeriya tana cikin masu cewa a bi a hankali, kuma su suka yi rinjaye. Wannan shi ne tarihin da ake karantarwa a makaranta, kuma mai karatu zai iya ɗauka cewa Kano 'yar kallo ce a cikinsa. Ba haka ba ne.

Mu fara da abin da ba kasafai ake faɗa a zaurukanmu ba: a cikin waɗancan jiragen akwai Hausawa. Bayan jihadin da ya fara a 1804, da yaƙe-yaƙen da suka rushe daular Oyo, an riƙa sayar da kamammun yaƙi hannu zuwa hannu har bakin teku, a fitar da su ta Ikko da Wida. Da yawansu sun faɗa jihar Bahiya ta Birazil, wasunsu kuma almajirai ne da suka sauke Alƙur'ani, wasu mayaƙa ne da suka san kan baka da kibiya. A 1807 hukumomin birnin Salbado suka gano wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla. A 1814 aka yi tawayen a aikace, kuma takardun hukuma sun kira jagoransa da laƙabin malomi, wanda duk Bahaushen da ya ji ya san malam ake nufi. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, a ƙarshen watan azumi, wanda Yarabawa Musulmi suka jagoranta. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, har yau wasu suna ajiye a ɗakin adana takardun tarihi na Bahiya. Duk wanda ya yi makarantar allo, in ya ga hoton irin wannan rubutu, zai gane hannun, don irin wanda ya taso yana gani ne.

Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa, wanda Turawa ke rubutawa Baquaqua. A garin Zugu aka haife shi, cikin Jamhuriyar Benin ta yanzu, a kan hanyar da fatakenmu ke bi zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuma Bakatsiniya ce. An sayar da shi Birazil, ya tsere daga jirgin ubangidansa a Niu Yok a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. Don haka in baƙar fatar Birazil ya ce wa Bakano ɗan'uwa, ba lallai ne ya zama salon magana ba. Mai yiwuwa ne kakanninsu sun taɓa cin kasuwa ɗaya.

Yanzu mu dawo gida, domin ina ganin Kano tana da nata haɗin kan na Afirka, wanda ya girmi taron Landan da ɗaruruwan shekaru, sai dai ba a raɗa masa suna ba. Ba sai ka buɗe littafi ba, sunayen unguwanni sun isa. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa. Wannan ta ƙarshe tana ruɗa yara: a da can Larabawan Gadamas da Tarabulus ake kira Turawa, tun kafin a ga Ingilishi. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci da tsarin limanci da alƙalanci. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, Shehu Magili kuma ya zo daga Arewacin Afirka ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki. Da Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya zo a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbuktu.

Abin tambaya shi ne, me ya riƙe wannan harka, alhali babu banki, babu fasfo, babu kotun ƙasa da ƙasa? Amsar tana cikin kalmomi biyu: zango da mai masauki. Baƙo ya iso da ayarinsa, akwai wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi, ya karɓi la'adarsa. In baƙon ya cuci wani, mai masauki ake nema. In an cuci baƙon, mai masauki ne zai je gaban alƙali. Sunansa shi ne jarinsa, ranar da aka ce kayan baƙo sun salwanta a gidansa, kasuwarsa ta tashi. Tsari ne da ya mayar da riƙon amanar baƙo sana'a mai riba, shi ya sa ya daɗe. Da wannan tsarin Hausawa suka kafa zango a Salaga da Kumasi da Akra da Ibadan da Yawunde. Alhassan Ɗantata, kafin dalar gyaɗa ta sa a san shi, fataucin goro ya yi tsakanin Kano da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ta gabas kuma hanyar hajji ta ƙafa ta zubar da mutanenmu a Chadi da Sudan, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu.

Sai kuma zumuncin addini, wanda ya fi kowanne kai Bakano wata ƙasar Afirka da zuciya ɗaya. Tun haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, hanya ta buɗe tsakanin Kano da Kaulaha ta Senigal, har gobe kuma ana cika motoci da jirage zuwa Maulidi. Shehu Ibrahim ya rubuta wata 'yar risala a 1959 mai cewa Afirka ta 'yan Afirka ce, kuma ya yi hulɗa da Nkrumah. Jikansa Shehu Hassan Cisse ya tara almajirai baƙar fatar Amurka masu yawa. Ka je Madina Baye, unguwar Shehu a Kaulaha, lokacin Maulidi, za ka ga mutumin Kano da mutumin Kumasi da mutumin Atlanta a faifai ɗaya suna cin shinkafa da kifi, babu wanda ya karanta musu ƙudurin wani taro.

A siyasa ma 'ya'yan Kano sun taka rawar da ta wuce Najeriya. Ranar 11 ga Janairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa kan rikicin Angola. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata, Najeriya ta fallasa wasiƙar ta mara wa ƙungiyar MPLA baya, domin sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga Angola suna taimakon abokan hamayyarta. A nan Murtala ya faɗi maganarsa da ta shahara, cewa Afirka ta girma ta mallaki hankalin kanta. Bayan kwana 33 aka kashe shi a Legas, aka kawo gawarsa Kano. A zamanin Shagari kuma Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. A tsakanin nan an kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka a 1976, ma'aikatan gwamnati suka ba da wani kaso na albashinsu, ɗalibai suka yi karo-karo. Wannan ya sa ciwon ya yi zafi a 2008 da 2015 da 2019, da aka ga ana ƙona shagunan baƙi 'yan Afirka a Afirka ta Kudu, har sai da aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi.

Zuwa nan duk abin alfahari ne, kuma Bakano ba ya buƙatar a koya masa alfahari. Mutumin da kirarin garinsa ke cewa ko da me ka zo an fi ka, ai ya gama. Sai dai laifi tudu ne, kuma akwai namu tudun da muke takawa muna hango na Bature.

Kano ba kawai an kwashi mutanenta ba ne, ita ma ta kwashi na wasu. A Kurmi an sayar da mutane kamar yadda aka sayar da kanwa da fata. Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike da ya zo a 1824, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin dubu 30 da dubu 40, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Ƙiyasin baƙo ne, ana iya rage masa, amma gandayen sarki na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa ba mafarki ba ne, kuma ba aljanu suka noma su ba. Ayarin da ke kai baƙin yadi Tarabulus yana tafe da mutane ɗaure. Jikokinsu suna nan a Tunis da Libiya da Maroko, a Tunis ma har yau akwai masu kiɗan Istambali da ake jin ɓurɓushin kalmomin Hausa da Barbarci a waƙoƙinsu. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936 aka yi ta. Akwai tsofaffin da ke raye yau da aka haifa kafin wannan shekara.

Gaskiya ne bautarmu ta bambanta da ta gonakin rake na Birazil. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana gado, yana hawa gadon sarauta, kuma an yi sarakuna da yawa ta wannan hanya. Shamaki da Ɗanrimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimai na shakkarsu. Akwai murgu, inda bawa ke yi wa kansa aiki yana biyan ubangidansa, akwai fansa. Duk wannan haka ne, amma ina ganin muna saurin fakewa da shi. Yaron da aka kama yana kiwo aka raba shi da uwarsa har abada, ba zai ji sanyi don an ce wani bawan ya zama Shamaki ba. Dorugu irin wannan yaron ne, daga ƙasar Damagaram aka kama shi, aka 'yanta shi ya bi Barth har Ingila a 1855, labaran da ya bayar suka shiga cikin rubuce-rubucen Hausar boko na farko, ya zo ya rasu a Kano a 1912. Mutum nawa ne a garin nan suka san sunansa? Kuma har yanzu, in maganar aure ta taso aka tura bincike, akwai gidajen da ake rage murya a ce ai asalinsu kaza ne. Haka ake yi wa mahauta da maƙera da wanzamai da maroƙa. Mai kiran baƙar fatar Amurka ɗan'uwa a Facebook, ya hana ɗan maƙwabcinsa 'yarsa saboda abin da ya faru da kakan kakansa, akwai gyara a lissafinsa.

Malaman yankin nan sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda shi kansa sojojin Maroko suka kwashe shi zuwa Marrakesh bayan mamayar 1591, ya rubuta fatawa a 1615 yana amsa tambayar mutanen Tuwat ta cikin Sahara kan bayin da ake kawo musu daga kudu. Ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da ta halatta bautar da mutum, ya lissafa Kano da Katsina da Barno da Gobir da Songai a cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Tun shekara 400 da suka wuce ke nan wani malami baƙar fata ya tsaya ya ce launi ba hujja ba ne. Sai dai kariyarsa ta tsaya a kan Musulmi, wanda ba Musulmi ba bai shiga inuwar ba. A nan ne zumuncin Kano na asali ya rabu da aƙidar su Garvey: namu a kan addini da ciniki aka gina shi, nasu a kan launi da wahalar da aka sha tare.

Wannan bambanci yana fitowa fili duk lokacin da aka zo maganar al'adun gado. Wasu masu rajin kishin Afirka, musamman na ƙetare, in sun ce gado suna nufin abin da ya riga Musulunci da Kiristanci: dodanni, gumaka, Fir'aunonin Masar. A wurinsu rawani da allo kayan aro ne. Bakano in ya ji haka sai ya ja jiki. An yi bikin FESTAC, na baje kolin al'adun baƙar fata, a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, aka yi hawan daba a Kaduna, amma har yau akwai dattawan da in ka ambaci bikin za su ce na raya tsafi ne. A ganina masu kiran Musulunci baƙo a Afirka sun yi kuskuren lissafi. Hijirar farko Habasha aka yi ta, kafin ta Madina. Sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11. Addinin da ya shekara sama da 600 a Kano, ya haifar da rubutun ajami da waƙoƙin wa'azi da salon gini da tsarin shari'a, ya wuce a kira shi baƙo.

Amma mu ma muna da namu kuskuren, wanda ya fi nasu zurfi: kowa so yake asalinsa ya fito daga gabas. Bayajida daga Bagadaza, Fulani daga Uƙba bin Nafi'u, Barebari daga Saifu bin Zi Yazan na Yemen, Yarabawa ma suna da labarin da ya kai su Makka. Kamar dai ƙasar nan kango ce sai da wani farin baƙo ya zo ya haihu. Alhali masu binciken ƙasa sun samu alamun narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Son Annabi da harshen Alƙur'ani abu ne daban, jin cewa jinin Balarabe ya fi naka tsarki abu ne daban, kuma huɗubar ban kwana ta riga ta raba gardama a kan na biyun.

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne, ya leƙa shagunan kayan shafa a Sabon Gari ko ya duba tallace-tallacen masu haɗa man gyaran fata a Instagram. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan sinadaran da ke cikin mayukan bilicin da illarsu ga fata da ƙoda, kasuwar kuwa sai ƙara cika take. Ba 'yan mata kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Saurayi ne ke cewa shi fara yake so ko mayya ce, uwar miji ce ke tambaya ko amaryar tana da haske, kuma a gyaran jiki na kwana bakwai ko wata guda abin da ake biya shi ne a fito da ita ta canja launi. Har jarirai ana shafa wa. Muna da wankan tarwaɗa, muna da baƙi mai sheƙi, amma harshenmu ya cika da baƙin ciki da baƙar aniya da baƙin jini, farin jini da farin ciki kuma suna ɗaya gefen. Ban ce kalmomin ne suka jawo ba, harsuna da yawa haka suke, amma yarinyar da ta taso ana ce mata baƙa kamar zunubi, ba waƙar kishin Afirka za ta warkar da ita ba.

Sai gwamnatoci, waɗanda su ne ke da tutoci da taruka, kuma su ne suka fi yanka zumuncin. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda Turawa suka shata su, don gudun yaƙi. Dalilin yana da ƙarfi, amma sakamakonsa shi ne layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1898 da 1906 ya zama dindindin, ya raba Daura da Damagaram, ya raba wa da ƙani. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Yarabawa da Hausawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci sama da mutum 4,000 a Kano, kuma da yake jagoransa Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, sai zargi ya koma kan baƙi gaba ɗaya. A Janairun 1983, ga kuɗin mai ya faɗi ga zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi kimanin miliyan 2, wajen rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai layi-layi da muke kai lefe da kayan makarantar kwana a cikinta, daga wannan korar ta samo sunanta na Ghana Must Go. Korar 1983 ta faru ne bayan an kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, an kuma sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba a 1979.

Hausawan Sudan ma sun ɗanɗana. A 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil kan filaye da neman a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe mutane da yawa, ana ce musu baƙi bayan sun shekara fiye da ɗari a wurin. Kafin mu yi fushi, mu tuna Sabon Gari, wadda aka kafa bayan isowar jirgin ƙasa don a ware baƙi daga cikin birni, da rikice-rikicen da suka faru a 1953 da 1966, da yadda jikan wanda aka haifa a can yake shan tambayoyi in ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Ta fuskar ciniki an ƙulla yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Kigali a 2018, Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019. Wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi a junansu, wanda ya shiga littafin kwastan, bai wuce kashi 15 cikin ɗari na cinikinsu ba. Na ce wanda ya shiga littafi, domin duk wanda ya san Dawanau ya san buhunan gero da wake da riɗi da zoɓo da ke shiga da fita tsakaninmu da Nijar da Chadi da Kamaru sun fi abin da alƙalami ya kama, haka shanu da raƙuman da ake kaɗowa Maigatari ranar Alhamis.

Gwaji mafi kusa shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, aka fara maganar tura sojoji. A Abuja batun kare dimokuraɗiyya ne. A jihohi bakwai da ke kan iyakar, mai tsawon kilomita kusan 1,500, batun kawu da gwaggo ne da surukai. Motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na ruɓewa. An yi zanga-zangar ƙin yaƙi a Kano, sanatocin Arewa suka ƙi, tawagar malamai ta tafi Yamai, Muhammadu Sanusi II ma ya gana da Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, a lokacin da aka hana wakilan ƙungiyoyin ƙasashe ganinsa. Wato tsohuwar hanyar malamai da sarakuna da 'yan kasuwa ce ta buɗe ƙofar da takardun ofis suka kasa buɗewa. Iyakar ba ta buɗe ba sai Maris 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Masu suka sun yi ta tambaya me ya sa za a ci bashi a shimfiɗa wa wata ƙasa titin jirgi, kuma tambayar kuɗi da riba tambaya ce da ta cancanci amsa. Sai dai kalmar wata ƙasa ce ke ba tsofaffin Kurmi dariya. Maraɗi sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu, kuma mai sarautar garin har yau Sarkin Katsina ake ce masa.